Amsa ga mai son buɗe karo-karon buga wasansa wata mai zuwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka a natse. Ka ce ka ƙirƙiri wasan tebur a kan noma da kiwo, kana so ka sa shi a Kickstarter, dandalin karo-karo na intanet, wata mai zuwa domin tara kuɗin bugawa, ba ka da kuɗin talla, kuma maganganun da wasu suka yi lokacin da ka nuna hotunan samfurin sun sanyaya maka gwiwa. Ni ma na bi wannan hanya daga nan Ingila inda nake zaune, da wani wasa da na gina a kan ayarin fatake masu ɗauko gishiri daga Bilma da goro daga Gwanja zuwa Kano, saboda haka abin da zan faɗa maka abin da na gani ne da idona. Shawarata ita ce ka ɗaga ranar. Abubuwa ukun da ka lissafa daban-daban, wato talla da karo-karo da suka, aiki ɗaya ne, kuma daga sukar ake fara shi.

Ra'ayin wanda ya ga hoto kawai bai kai a ɗaga hankali a kansa ba, yabo ne ko kushe. Sukar da take da daraja ita ce ta mutumin da ya zauna ya buga wasan, kuma mafi darajarta ita ce wadda ake samu idan ka miƙa kwalin ga mutanen da ba su san ka ba, ka koma gefe da takarda da biro, ka kame bakinka har su gama. Masu wannan sana'a ba sa yarda a ce wasa ya nuna sai ya tsallake wannan gwajin, domin ranar da kwali ya isa gidan mai saye ba za ka kasance a wurin ka yi bayani ba, littafin ƙa'idoji ne kaɗai zai yi magana a madadinka. Ina tuna wani zama da na yi irin haka a wani shagon shan shayi da ake buga wasanni. Wata mata ce take karanta ƙa'idojin da ƙarfi, sauran suna saurare. Da ta iso inda aka ce madugu zai sauke kaya a zango, sai ta tsaya, ta maimaita jimlar, ta juya shafi, ta dawo, sannan suka yanke cewa ana sauke dukan kayan ne, alhali nufina kaya ɗaya. Haka suka buga har ƙarshe, wasan ya yi ta jan ƙafa, ni kuwa ina zaune ina rubutawa. Kalma ɗaya na ƙara a wannan jimla, zaman gaba ya tafi yadda ya kamata. Abokaina sun sha buga wasan ba su taɓa tuntuɓe a wurin ba, saboda daga bakina suka koye shi.

A irin wannan zaman ne kuma wani dattijo ya ɗaga katin ja da na kore ya ce shi dai launi ɗaya yake gani. Kimanin ɗaya cikin maza 12 a ƙasashen Turai yana da matsalar bambance launuka, mafi yawa tsakanin ja da kore, shi ya sa yanzu kowane kati nawa yana da alama bayan launi: kantun gishiri, ƙwaryar goro, ƙunshin fata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka riƙe wannan ma: mai wasa yakan yi daidai idan ya ce wani wuri bai yi masa daɗi ba, amma sau da yawa maganin da yake ba ka ba shi ne maganin ba. Idan mutum ya ce a rage katuna, ka bincika a wane lokaci ya fara gajiya, wataƙila matsalar ita ce wanda ya yi gaba tun farko ba a iya kamo shi, sauran suna zaman jiran a tashi. Idan kuma teburori daban-daban da ba su san juna ba suka yi ƙorafi a kan abu guda, to babu sauran musu.

Akwai suka mai nauyi fiye da wannan, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wani mai sharhin wasanni ya rubuta cewa na yi wasa a kan fataucin Sahara amma na yi shiru a kan bayi, alhali ayarin ba gishiri da goro kaɗai ya ɗauka ba. Maganar ta yi mini zafi, domin tarihin kakanninmu ne, amma gaskiya ya faɗa game da tarihin. Wannan muhawara ba sabuwa ba ce a duniyar wasanni. Wasan Puerto Rico da ya fito a 2002 ya daɗe yana shan suka saboda ƙananan 'ya'yan wasa masu launin ƙasa da ake turawa gonaki da sunan 'yan kama-wuri-zauna, har a 2022 aka sake fito da shi da sunan Puerto Rico 1897, aka mayar da labarin zuwa bayan soke bauta a tsibirin. Ni ban yarda in mayar da ɗan Adam haja a kan tebur ana saye ana sayarwa domin neman maki ba, kuma ban yarda in yi kamar abin bai faru ba. Abin da na yi shi ne na rubuta shafi guda a littafin ƙa'idoji na bayyana tarihin yadda yake da dalilin da ya sa ba ya cikin wasan, na kuma aika wa mai sharhin godiya. Kai ma da ka taɓo noma da kiwo, ka san za a tambaye ka rikicin manoma da makiyaya, kuma akwai mutanen da suka rasa 'yan'uwansu a cikinsa. Ka shirya amsarka tun yanzu, amsar da za ka iya faɗa a gaban Bafulatani da manomi duka ba tare da sunkuyar da kai ba.

Zagi kuwa zalla, wanda babu wani bayani a cikinsa, ba a amsa shi. A shafin BoardGameGeek, wanda yake aiki tun shekarar 2000 kuma ake ba wasanni maki daga 1 zuwa 10, za ka tarar da wanda zai ba ka 1 tun kafin wasan ya fito. Duk mai ƙirƙirar da ya shiga cacar baki da irin waɗannan, jama'a suna kallo, kuma halinsa suke aunawa kafin su ba shi kuɗinsu.

Yanzu ga inda sukar ta haɗu da talla. Mutumin da ya buga samfurinka, ya ba ka gyara, ya dawo ya ga ka yi amfani da gyaransa, ya riga ya zama naka. Shi ne zai fara sa kuɗi ranar buɗewa, shi ne zai gaya wa abokansa. Mutane da yawa suna zaton Kickstarter kasuwa ce cike da masu saye da suke jiran sabon kaya, amma a zahiri kai ne kake zuwa da mutanenka. Dandalin ya fara aiki a 2009, kuma ƙa'idarsa ita ce ko ka cika adadin da ka nema ko ka tashi babu ko sisi. Fiye da rabin ayyukan da aka taɓa sawa a kansa ba su cika ba. Kuɗi yakan shigo da ƙarfi a kwana biyun farko, ya lafa a tsakiya, ya sake motsi a kwana biyun ƙarshe. Baƙon da ya shigo shafinka ya ga an riga an cika adadin a ranar farko zai saki jiki ya sa nasa, wanda kuwa ya tarar da shafi fayau bayan mako guda wucewa zai yi. Manyan labaran da ake ji ma haka suke. Wasan Exploding Kittens ya tara kusan dala miliyan 8.8 daga mutane fiye da dubu 219 a 2015, amma ɗaya daga cikin masu shi, Matthew Inman, ya shafe shekaru yana da ɗimbin mabiya saboda zanen barkwancinsa a intanet. Wasan Frosthaven ya tara kusan dala miliyan 13 a 2020 ne saboda wanda ya ƙirƙire shi, Isaac Childres, ya riga ya mallaki zukatan masu buga wasansa na baya, Gloomhaven. Kada ka auna kanka da su, amma ka lura cewa ko su da taronsu suka zo.

Ni a tsaye na tara nawa taron. Na kama ɗan ƙaramin tebur a bajekolin UK Games Expo da ake yi a Birmingham kowace shekara, na shimfiɗa taswirar ayarin, na ajiye takarda a gefe domin duk wanda ya buga ya rubuta adireshinsa na imel idan yana so a sanar da shi ranar buɗewa. A can na koyi bayyana wasan cikin minti ɗaya, domin mai wucewa ba zai ba ka fiye da haka ba: kai madugu ne, raƙumanka kaɗan ne, ruwa yana ƙarewa, wa zai fara isa kasuwar Kurmi ta Kano da riba. Idan ba za ka iya faɗin naka haka ba, to aikin bai kammala ba tukuna. Jerin imel ɗin nan ya fi mini dubban masu danna alamar so a Facebook amfani, domin saƙon yana isa hannun mutum kai tsaye. Ba sai ka je Essen ta Jamus ba, inda ake babban bajekolin duniya kowane Oktoba. Makarantu, da majalisun da ake buga dara da ludo da yamma, da ɗakunan kwanan ɗalibai sun ishe ka farawa, kuma kana iya ɗora samfurin a Tabletop Simulator ko Tabletopia, manhajojin buga wasannin tebur ta intanet, domin na nesa su gwada. Masu sharhi a YouTube kuma a aika musu samfur watanni kafin ranar, a kuma san cewa wasunsu biya ake yi su nuna wasa, wanda ya sha bamban da sharhi na gaskiya, kuma wajibi ne a bayyana wa masu kallo wanne ne.

Batun kuɗi shi ne inda nake so ka fi yin hattara, domin abin da ka tara amanar mutane ce har sai kwali ya shiga hannunsu. Kickstarter yana cire kashi 5 cikin 100, masu sarrafa biyan kuɗi su cire kimanin kashi 3 zuwa 5, wasu katunan banki kuma su ƙi biya a ranar ƙarshe. Yawancin masana'antun da ke buga irin waɗannan wasanni suna ƙasar Sin, kuma ba kasafai suke karɓar aikin da ya gaza kwafi 1,000 zuwa 1,500 ba. Lissafin da aka saba shi ne farashin shago ya zama kamar ninki biyar na abin da kwali ɗaya ya ci har ya sauka a rumbunka. Misali, idan ya ci dala 8, a sayar da shi dala 40, domin dillalin da zai rarraba wa shaguna kimanin dala 16 kawai zai ba ka. Jigila kuwa ita ce ta durƙusar da mutane da yawa. A watan Satumba na 2021 matsakaicin kuɗin dakon babbar kwantena ya haura dala dubu 10, alhali kafin annobar korona bai kai dala dubu 2 ba, kuma waɗanda suka riga suka karɓi kuɗin jigila a tsohon farashi daga aljihunsu suka cike giɓin. A watan Afrilu na 2025 harajin da Amurka ta ɗora wa kayan Sin ya kai kashi 145 cikin 100 na ɗan lokaci, ƙananan kamfanonin wasanni suka shiga tsaka mai wuya. Saboda haka kada ka haɗa kuɗin jigila da farashin wasa, ka karɓe shi daga baya lokacin da kaya suka kusa tashi, kuma kada zumuɗin kuɗin da ke shigowa ya sa ka yi ta alkawarin ƙarin kaya a cikin kwali, domin kowane ƙari yana ƙara nauyi da jinkiri. Nawa kayan sun makara da watanni, abin da ya riƙe mini mutuncina shi ne ban taɓa barin wata ya wuce ban rubuta wa masu karo-karon halin da ake ciki ba, labarin mai daɗi ne ko mara daɗi.

Tunda ka ce a Kaduna kake, akwai wani shinge da ya kamata ka duba kafin komai. Kowa yana iya sa kuɗi a Kickstarter daga ko'ina, amma buɗe aiki sai mazauna wasu ƙasashe da aka lissafa, kuma lokacin da na yi nawa Nijeriya ba ta cikinsu. Masu bi ta hannun wani abokin hulɗa a waje suna yi, sai dai kuɗin a asusunsa zai sauka, haraji da alhaki a kansa suke, don haka sai da yarjejeniya a rubuce. Ni dai da a gida nake, da na fara da buga kwafi kaɗan a gida in sayar hannu da hannu. A Abuja akwai kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu, wanda yake ƙera wasanni a cikin ƙasa, yake kuma shirya taron wasannin tebur na Afirka da ake kira AB Con, har ya ci lambar yabo ta Diana Jones, wadda ake bayarwa a fagen wasanni, a 2021. Ka nemi zuwa taron da samfurinka a hannu. Ka kuma sa rai cewa a arewa iyaye za su tambaye ka ko ba caca ba ce da zarar sun ga kati da ɗan ludo, tambaya ce ta gaskiya da ta cancanci amsa cikin ladabi, kuma yana da kyau a rubuta a bayan kwali abin da yaro zai koya.

Idan ka amince, ka turo mini littafin ƙa'idojin da fayil ɗin katunan ta saƙon sirri. Zan buga su a takarda in ba abokan wasana da ba su san ka ba, in zauna gefe in rubuta maka duk inda suka tsaya da abin da suka faɗa. Allah Ya sa albarka a aikin.