Shin dole ne ɗan takara ya zauna a mazaɓarsa a Kanada?

Malam, ka tambaya ko doka ta tilasta wa ɗan takarar majalisar lardi zama a mazaɓar da yake nema. A lardin British Columbia dai ba dole ba ne, muddin mazaunin lardin ne.

Duba 2013. Jam'iyyar Firimiya Christy Clark, wato shugabar gwamnatin lardin a lokacin, ta lashe zaɓe, amma ita kanta ta sha kaye hannun David Eby a mazaɓarta ta Vancouver-Point Grey. Sai Ben Stewart, ɗan jam'iyyarta, ya sauka daga kujerar mazaɓar Westside-Kelowna, ita Clark ta tsaya zaɓen cike gurbi a can a watan Yuli. Wasu mazauna yankin suka yi ta ƙorafin an jefo musu baƙuwa, har ta yi alkawarin yin gida a can. Duk da haka ta ci da rata mai yawa. A ganina, mutanen sun lissafa ribar samun Firimiya a matsayin wakiliyarsu ne.