Amsa ga Malam kan saukar Janar Petraeus daga shugabancin CIA

Assalamu alaikum warahmatullah, jama'ar wannan zaure. Malam, Allah ya gafarta maka, na saurari muryar da ka ajiye ɗazu, inda ka ce a ganinka tilasta wa Janar David Petraeus aka yi ya sauka daga shugabancin hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA a shekarar 2012 domin a toshe masa baki kan harin Benghazi, kuma maganar alaƙarsa da wata mata da aka fito da ita rufa-rufa ce kawai. Na yarda da kai cewa akwai abin tuhuma a lokacin da abin ya faru, amma ina ganin ba a kan Benghazi tuhumar ya kamata ta tsaya ba.

Duk wanda ya jera ranakun dole gabansa ya faɗi. Ranar 11 ga Satumba 2012 aka kai hari kan ofishin jakadancin Amurka da ke Benghazi a Libiya da kuma wani gida na CIA da ke kusa da shi, aka kashe jakada Christopher Stevens da wasu Amurkawa uku. Ranar 6 ga Nuwamba aka yi zaɓen da Barack Obama ya sake lashewa. Ranar 9 ga Nuwamba, kwana uku kacal bayan zaɓen, Petraeus ya ajiye aiki, alhali a makon da ke biye ne aka tsara zai bayyana gaban kwamitocin majalisa ya yi bayani kan harin. Mutumin nan kuwa ba ƙaramin jami'i ba ne, shi ne ya jagoranci ƙarin sojojin da Amurka ta tura Iraƙi a 2007, ya riƙe rundunar ƙawance a Afganistan, kana aka ba shi CIA a Satumba 2011. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka ban ga laifin wanda ya yi zargi ba.

Sai dai zancen toshe baki yana da rauni babba guda ɗaya, shi ne bakin bai tosu ba. Ranar 16 ga Nuwamba, mako guda bayan saukarsa, Petraeus ya je majalisa ya ba da shaida a zaman sirri gaban kwamitocin leƙen asiri na majalisar dattawa da ta wakilai. 'Yan majalisar da suka fito daga zaman sun faɗa wa manema labarai cewa ya ce tun farko ya ɗauki harin a matsayin aikin 'yan ta'adda, kuma bayanin farko da CIA ta rubuta ya ambaci ƙungiyoyi masu alaƙa da Alƙa'ida kafin a cire sunayen daga takardar da Susan Rice, jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ta dogara da ita a hirarrakin talabijin na 16 ga Satumba. Wannan magana ba ta yi wa fadar White House daɗi ba ko kaɗan. Ka duba kuma ta wata fuskar, Malam: shugaban hukuma da ke kan kujera yana ƙarƙashin umarnin shugaban ƙasa, yana da muƙamin da zai ji tsoron rasawa, shi kuwa wanda aka riga aka raba da kujera cikin kunya ba sauran abin da za a riƙe shi da shi. Idan manufar a ɗaure masa harshe ce, barin sa a ofis da sirrin a hannu ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan tona sirrin a gaban duniya.

Inda ni hankalina ya kasa kwanciya shi ne watannin da suka gabaci zaɓen. Binciken ya samo asali ne tun wajen tsakiyar 2012, lokacin da wata mata a garin Tampa na jihar Florida ta kai ƙara ga hukumar binciken manyan laifuka ta FBI cewa ana aiko mata saƙonnin imel na tsangwama daga wanda bai bayyana sunansa ba. Da masu bincike suka bi sawun saƙonnin, sai suka kai ga matar da ta rubuta tarihin rayuwar Petraeus, daga nan kuma suka gano alaƙar da ke tsakaninta da shi. Kafin ƙarshen damina manyan ma'aikatar shari'a, har da minista Eric Holder, sun san da maganar. A ƙarshen Oktoba jami'an FBI sun zauna da Petraeus kansa sun yi masa tambayoyi. Amma James Clapper, daraktan da a lokacin ke sa ido kan dukkan hukumomin leƙen asirin ƙasar, wato mutumin da Petraeus ke ƙarƙashinsa, ba a sanar da shi ba sai da yammacin ranar zaɓe, jama'a na kan layi suna jefa ƙuri'a. Shi ne ya ba Petraeus shawarar ya sauka. Bisa bayanin gwamnati, Obama bai ji labarin ba sai ranar 8 ga wata, a ranar Petraeus ya same shi ya nemi ajiye aiki, washegari kuma Obama ya amince.

Holder ya kare wannan jinkiri da cewa sun duba sun ga babu barazana ga tsaron ƙasa, kuma ba al'adar ma'aikatarsa ba ce ta riƙa kai wa fadar shugaban ƙasa labarin binciken laifi da ba a kammala ba. Hujjar tana da ƙafar tsayawa, domin Amurkawa ba su manta da zamanin tsohon shugaban FBI J. Edgar Hoover ba, lokacin da FBI ke tara sirrin manya tana razana su da shi, kuma ƙa'idar raba bincike da siyasa don gudun irin wannan aka kafa ta. To amma shugaban hukumar leƙen asiri da ke da ɓoyayyen al'amari mutum ne da abokan gaba za su iya kamawa ta nan su juya shi, wannan kuwa shi ne darasin farko da ake koya wa duk wanda ya shiga aikin. Ta yaya za a san da haka wata da watanni a bar shi yana karanta manyan sirrikan ƙasa kullum, ba a faɗa wa ubangidansa ba, sannan a ga ranar zaɓe ce daidai ranar da ta dace a faɗa? Dianne Feinstein, wadda a lokacin ke shugabantar kwamitin leƙen asiri na majalisar dattawa, kuma 'yar jam'iyyar Obama ce, ta fito fili ta yi ƙorafin cewa ba wanda ya sanar da kwamitinta tun da wuri, alhali dokar tsaron ƙasa ta 1947 ta wajabta a riƙa sanar da waɗannan kwamitoci muhimman al'amuran leƙen asiri a kan kari.

Adalci ya sa in ƙara da abin da ke rage wa zargin ƙarfi. Kafin zaɓen, a ƙarshen Oktoba, wani jami'in FBI da ya ga kamar ana jan ƙafa ya kai maganar ga 'yan majalisa, har ta isa kunnen Eric Cantor, shugaban masu rinjaye a majalisar wakilai a lokacin, ɗan jam'iyyar Republican mai adawa da Obama. Cantor bai fasa ƙwan ba, sai ya miƙa abin da ya ji ga ofishin shugaban FBI Robert Mueller. Ke nan ɓangaren da zai fi kowa cin ribar tonon ya sami labari tun kafin a jefa ƙuri'a, ya kuma yi shiru. Wannan ya sa nake ganin abin ya fi kama da manyan hukumomi sun gwammace su kauce wa abin da zai girgiza zaɓe, ba wai an zauna an ƙulla makirci daga fadar shugaban ƙasa ba. Duk da haka shirun bai zama daidai ba, domin masu zaɓe suna da haƙƙin a yi aikin hukuma a lokacinsa, ba a lokacin da ya fi wa hukuma sauƙi ba.

Abin da ya fito daga baya ne ma ya fi nuna cewa maganar babu barazana ga tsaro an yi gaggawar furta ta. A 2015 Petraeus ya amsa laifi a kotun tarayya da ke Charlotte ta jihar Karolina ta Arewa, ya yarda cewa a Agusta 2011 ya bai wa matar nan da ta rubuta tarihin rayuwarsa littattafan rubutunsa guda takwas na lokacin da yake Afganistan, waɗanda ke ɗauke da sunayen jami'an sirri, da dabarun yaƙi, da abin da suka tattauna da shugaban ƙasa. Ya kuma yarda cewa ya yi wa FBI ƙarya a zaman Oktoba 2012, inda ya musanta ba ta wani bayanin sirri. Hukuncinsa shi ne shekara biyu ƙarƙashin sa ido ba tare da ɗauri ba, da tarar dala 100,000, wadda ma alƙali ne ya ɗaga ta daga 40,000 da masu gabatar da ƙara suka nema. A cikin watan Oktoban nan na 2012 wani tsohon jami'in CIA mai suna John Kiriakou ya amsa laifin faɗa wa ɗan jarida sunan jami'in sirri guda ɗaya, a Janairu 2013 aka yanke masa wata 30 a gidan yari, kuma Petraeus da kansa, yana shugaban hukumar, ya aika wa ma'aikata saƙo yana yaba wannan shari'a 'yan kwanaki kafin ya zauna da FBI ya ɓoye nasa laifin. Wannan bambanci yana ci mini rai ƙwarai, Malam, fiye da duk wata jita-jita ta Benghazi, domin shi a rubuce yake cikin takardun kotu, da amincewar mai laifin kansa. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, wassalamu alaikum.