Ƙanena yana son barin Kanada: sanyi ne ko raki?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jega, ina harkar shinkafa da albasa. A 2022 muka haɗa kuɗi, har da sayar da wata gonar fadama ta gado, muka tura ƙanena karatu Kanada. Ya gama, ya samu aiki a Toronto, matarsa da ɗansu sun bi shi. Albashinsa ya kusa dalar Kanada 4,000 a wata, in an canza kusan naira miliyan 4 ke nan. Yanzu sai ga shi yana cewa ya gaji da sanyi da tsada, yana son barin garin, ko ma ƙasar baki ɗaya. Hajiyarmu ta ce hannu aka sa masa, ni kuma ina ganin raki ne. Don Allah sanyi ya isa ya kori mutum daga miliyan 4?

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa wa kasuwa albarka.

Ka fara kwantar wa Hajiya hankali, domin abin da ƙanenka ke ji ba baƙon abu ba ne a can. Hukumar ƙididdiga ta Kanada ta bi sawun baƙin da aka ba takardar zaman dindindin daga 1982 zuwa 2017, ta tarar sama da kashi 15 cikin ɗari sun bar ƙasar kafin su cika shekara 20. Su kansu 'yan ƙasa ba su zauna wuri ɗaya ba. A 2023 lardin Ontario, inda Toronto take, waɗanda suka fita zuwa wasu larduna sun fi waɗanda suka shigo da kimanin mutum 36,000, shi kuwa lardin Alberta ya samu ƙarin kimanin 55,000. Ka kula da wannan da kyau, Alhaji: Alberta ta fi Toronto sanyi nesa ba kusa ba. A Edmonton, babban birninta, sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, har sai an jona injin mota da wutar lantarki ya kwana yana ɗumi kafin ta tashi da safe. Amma can ɗin mutane ke kwarara, saboda gida ya fi araha kuma harajin sayen kaya kashi 5 ne kawai. Da sanyi ne kaɗai ke kora, da ba can za su nufa ba. Abin da ke gajiyar da mutum shi ne sanyi a garin da kuɗinsa ba sa isarsa.

To mu zo kan miliyan 4 ɗin. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ciniki daban, riba daban. Wanda ake biya dala 4,000 a wata a Ontario ba ya ganin 4,000. Tun kafin kuɗin su shiga asusunsa an cire harajin tarayya, da na lardi, da na fansho, da inshorar rasa aiki, abin da zai rage da wuya ya wuce 3,300. Gida mai ɗakin kwana ɗaya da falo a Toronto hayarsa ta haura dala 2,000 a wata, mai ɗaki biyu kuwa yana doshin 3,000. A wata nake nufi, ba a shekara ba kamar yadda muke biya a Birnin Kebbi. A 2025 katin shiga bas da jirgin ƙasa na wata dala 156 ne ga mutum ɗaya. In ya sayi mota, inshora dole ce, kuma sabon zuwa da ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar kan biya ɗaruruwan daloli duk wata. Sai abinci, da waya, da intanet, da wuta. Kusan duk abin da ya ɗauka a kanti in ba ɗanyen abinci ba, kuɗin da ke jikinsa ba shi zai biya ba, sai an ɗora masa kashi 13 na haraji a wurin biya. Ka tara da kanka ka ga me ya saura na Hajiya, da kuɗin makarantar 'ya'yan 'yan uwa, da ragon layya, da gudummawar bikin da ake kiransa a kai duk ƙarshen wata. Mu a gida albashin kaɗai muke mayarwa naira, ba ma mayar da hayar. In ka mayar da ita, ƙanenka yana biyan sama da naira miliyan 2 duk wata don ya samu wurin kwana kawai.

Dalilin tsadar gidan a fili yake. Yawan jama'ar Kanada ya kai miliyan 40 a watan Yuni na 2023, kuma a 2022 da 2023 an ƙaru da sama da mutum miliyan ɗaya kowace shekara, kusan duka baƙi ne. Da yawansu Toronto da Vancouver da kewayensu suke sauka, ginin gidaje kuma bai bi wannan gudun ba. Sayen gida a yankin Toronto, matsakaicin kuɗinsa a 2024 ya haura dala miliyan ɗaya. Shi ya sa za ka tarar da mai digiri biyu da iyalinsa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan wani, tagarsu ɗan tsiriri ce daidai da ƙafafun masu wucewa.

Sanyin kansa kuma kuɗi yake ci. Mu abin da muka sani shi ne hunturu: hazo, leɓe ya tsage, a shafa man kaɗe, yara su kewaye wutar kara da safe, hantsi na yi an ware. Ko a tsakiyar ɗari da wuya awon ya sauka ƙasa da digiri 10 a Kebbi. Can kuwa daga Nuwamba har Maris, wani lokaci har Afrilu, ana cikinsa. Rigar sanyi ta kirki, da takalmin da ba ya jiƙewa, da safar hannu, da hula, kowa da nasa, yaro kuma duk shekara ya fi ƙarfin na bara. Mota tana son tayoyin sanyi daban da na zafi, a lardin Quebec ma doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfen mota ta ƙasa. Gida sai an ɗumama shi dare da rana, in an kashe na'urar don tsimi bututun ruwa na iya daskarewa ya fashe, gyaran ya ninka abin da aka yi tsimi. In dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, sai ya fito da shebur kafin ya tafi aiki. Idan kuma sanyi da iska suka haɗu suka kai kamar 28 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba, kunne ko yatsa, na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Wannan ba raki ba ne, gargaɗin hukumar yanayi ta ƙasar ne.

Amma in ka tambaye ni, abin da ya fi karya zuciyar mutanenmu duhu ne da kaɗaici, kuma shi ne ba sa iya faɗa a waya. A Disamba rana na fitowa a Toronto wajen ƙarfe 8 saura, ta faɗi kafin 5 na yamma. Mutum ya fita da duhu, ya dawo da duhu. Azahar da la'asar da magariba duk a wurin aiki suke riskarsa, a cikin awa huɗu da rabi, sai ya riƙa satar minti biyar-biyar yana neman lungun da zai shimfiɗa darduma. Juma'a ranar aiki ce. Babu dakali, babu majalisar bayan isha'i, babu mai shayin da za ka zauna wurinsa ka ji labarin gari. Maƙwabcinka zai shiga mota daga cikin gareji ya fita, ku yi wata ba ku gaisa ba. Likitoci sun san wani nau'in ciwon damuwa da ke zuwa da ƙarancin hasken rana, mutum ya yi ta barci bai ƙoshi ba, komai ya fita ransa. Baƙar fata kuma ta fi jinkirin samar da sinadarin bitamin D in rana ta yi ƙaranci, shi ya sa ake ba mutanenmu shawarar shan ƙwayarsa a lokacin sanyi.

Ka kuma tambayi halin da matarsa take ciki, don sau da yawa maganar tafiya daga nan take tasowa. Yarinyar da ta tashi a gida cike da mutane, ga uwa, ga ƙanne, ga maƙwabta ana shiga ana fita, yau ita ce a ɗaki ɗaya da yaro tun safe har dare, fita sai an yi minti ashirin ana naɗe yaron da kaya. In tana son aiki, gidan renon yara mai sauƙin kuɗi sai an bi dogon layi. In ta haihu babu wankan jego, babu kunun kanwa, babu tsohuwar da za ta karɓi jariri ta samu ta runtsa. Miji ya dawo a gajiye, ita ma a gajiye. Gidaje da yawa a nan suke fara tsami.

Ba na cewa ƙasar ba ta da daɗinta. Wuta ba ta ɗaukewa sai da dalili, makarantar gwamnati kyauta ce har ƙarshen sakandare, ganin likita a asibiti ba a biya ga mai katin lafiya na lardi, kuma mutum zai yi tafiyar dare a babbar hanya ba tare da faɗuwar gaba ba. Sai dai miliyoyin mazauna ƙasar ba su da likitan iyali nasu, jira a sashen gaggawa kuma yakan ɗauki awanni.

Akwai wani abin da ban gani a tambayarka ba, kuma ya fi duk na baya muhimmanci: wace takarda ke hannunsa? Wanda ya gama karatu a Kanada yawanci izinin aiki ake ba shi na ɗan lokaci, iyakarsa shekara uku, kuma ba a saba sabunta shi ba. A cikin wannan lokacin ne zai nemi zaman dindindin ta hanyar tara maki. Daga 2024 ƙofar ta ƙara ƙunci. A Janairun shekarar ministan shige da fice na lokacin, Marc Miller, ya ƙayyade yawan bizar ɗalibai, an kuma ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna na ciyar da kansa daga dala 10,000 zuwa 20,635. A Oktoba gwamnati ta rage yawan waɗanda za a ba zaman dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. Saboda haka mai yiwuwa ne ƙanenka yana kallon ranar ƙarewar takardarsa tana matsowa, makinsa bai kai ba, kuma nauyin gonar da aka sayar ya hana shi faɗa maka. Cewa sanyi ya fi sauƙi a baki.

Shawarata, kada ka kira shi a gaban Hajiya. Ka kira shi ku biyu, ka ce ya rubuto maka abin da ke shiga da abin da ke fita a wata, kamar yadda kake yi wa yaron shagonka, sannan ya faɗa maka ranar da izininsa zai ƙare. Kafin nan a ɗage masa buƙatun gida na 'yan watanni. Kuma kada a yanke magana a Janairu ko Fabrairu, lokacin da kowa a can ke jin kamar ya tattara ya gudu. A bari sai Yuni, in rana ta dawo har ƙarfe 9 na dare, in har yana kan bakansa to da gaske yake.

In barin Toronto yake nufi zuwa wani gari a cikin ƙasar, ni ina goyon bayansa, muddin ya samu aiki a can kafin ya ɗaga. Edmonton, Winnipeg, Saskatoon, duk haya ta fi sauƙi, wasu lardunan ma suna da nasu tsarin zaɓar ma'aikata da ke sauƙaƙa samun zaman dindindin. Musulmi kuma sun daɗe a wajen, masallacin farko da aka gina a Kanada, Al-Rashid, a Edmonton yake tun 1938. Sai dai ya sani sanyin zai ƙaru, kuma Alberta ba ta da dokar da ta ƙayyade yawan ƙarin haya, mai gida na iya ɗora abin da ya ga dama in shekara ta zagayo. Birnin Calgary na Alberta ma hayarsa ta tashi sosai bayan kwararar da aka yi masa.

In kuwa gida yake son dawowa, a nan ne kai za ka yi masa lissafin da ya manta. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Zafin Afrilu a Kebbi yana haura digiri 40, ga wuta sai an taimaka da janareta ko sola, ga sha'anin tsaro da ta waya kawai yake jin labarinsa. Mai dawowa da jari da sana'ar da za ta zauna a harkar shinkafa ko albasa daban yake da mai dawowa da akwati yana neman aikin gwamnati.

Abin da ba zan so ya yi ba shi ne ya taho ana saura ƙiris ya samu takarda. In ya riga ya samu zaman dindindin, doka kwana 730 kawai take nema ya yi a Kanada cikin kowace shekara biyar, wato zai iya zuwa Jega ya gwada kasuwa na tsawon lokaci ba tare da ya rasa matsayinsa ba. In ya cika kwana 1,095 cikin shekara biyar zai iya neman zama ɗan ƙasa, kuma tsarin mulkin Najeriya bai hana wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa riƙe fasfo biyu ba. In kuma izinin wucin gadi ne a hannunsa kuma makin ba zai kai ba, gara ya fito da ƙafarsa kafin ranar ta cika, don wanda ya zarce wa'adi yana ɓata wa kansa neman biza nan gaba.