Amsa: magungunan toshe glutamet na kare ƙwaƙwalwa bayan shanyewar ɓarin jiki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko magungunan da ke toshe makarɓan glutamet (wato ƙofofin da ke karɓar glutamet, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi) suna hana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa mutuwa idan jini ya ragu. A jikin ɓeraye, e, suna hanawa. A jikin mutum kuwa har yanzu ba su yi nasara ba. Idan jini ya yanke, glutamet na taruwa a tsakanin ƙwayoyin, ya buɗe makarɓansa da ake kira NMDA, kalsiyam ya kwararo cikin ƙwayoyin ya kashe su. Maganin toshe su mai suna MK-801 ya rage ɓarnar a dabbobi, amma ire-irensa selfotel da aptiganel ba su taimaki majinyata ba, har ma sun haddasa gane-gane da ruɗewa.

Babbar matsalar lokaci ce. Ambaliyar glutamet tana faruwa ne tun daga mintunan farko, a gwaji kuma ana ba dabba maganin kafin a toshe jijiyar ko jim kaɗan bayan haka, majinyaci kuwa sai bayan sa'o'i yake isa asibiti. Ana ganin a lokacin nan ƙwayoyin da suka jikkata suna buƙatar makarɓan domin su farfaɗo, toshe su na iya ƙara cuta. Abin da ya tabbata yana aiki shi ne dawo da jini: alteplase, maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya, cikin sa'a 4 da rabi, ko ciro gudan jinin ta jijiya.