Tambayi Likita: Ɗan zomon da aka tsinta a bayan gida, da gashin zomo a kan ƙuna

Wannan makon zomo ne ya cinye mana fili. Ba abin mamaki ba ne, kaka ta yi, ana yankan gero ana share gonaki, duk abin da ciyawa ta ɓoye a damina ya fito fili, yara kuma ba abin da ke wuce idonsu. Likitan mutane ne ni, amma abin da yaro ya ɗauko ya rungume ya shigo da shi ɗaki ya zama aikina.

Wata uwa daga Arkilla, Sakkwato: Likita, yarana sun tsinci ɗan zomon daji a gindin dogonyaro bayan dangarmu, bai wuce tafin hannu ba. Mun sa shi a kwali mun dama masa madarar gari, ya ƙi sha. Maƙwabciyata ta ce tunda mun taɓa shi uwar ba za ta karɓe shi ba. Yaya za mu yi?

Hajiya, ki sa a mayar da shi gindin dogonyaron nan yau, kafin magariba. Ba maraya ba ne, ku ne kuka raba shi da uwarsa.

Zomon daji da zomon gida suna kawai suka tara. Na gida ana haihuwarsa tsirara, ido rufe, sai wajen kwana 10 yake buɗe ido. Na daji kuwa da gashinsa yake zuwa duniya, ido buɗe, kuma uwar ba ta haƙa rami. Ɗan lotso take samu a cikin ciyawa ta bar shi ya lafe shi kaɗai, ta yi nisa da gangan don kada ta jawo masa kare ko shaho. Sau ɗaya take zuwa a yini, bayan faɗuwar rana, ta shayar da shi 'yan mintoci ta sake ɓacewa. Wannan shirun da kuka ga ya yi, wanda yara suka ɗauka rashin lafiya ne ko sabo, shi ne makaminsa. Tsoro ne ya daskarar da shi.

Maganar maƙwabciyarki ba ta da tushe. Warin hannun mutum ba ya sa uwar ta ƙi ɗanta. Abin da zai hana ta zuwa shi ne ta tarar da yara sun kewaye wurin suna leƙe, ko kare na shawagi. A ajiye shi, a ɗaure kare, a tsare kyanwa a ɗaki, kowa ya bar wurin har gari ya waye.

Kuma kin yi sa'a da ya ƙi madarar. Nonon zomo kauri gare shi, maiƙonsa ya ninka na saniya sau da yawa, shi ya sa sha ɗaya ke riƙe ɗan har washegari. Madarar gari da nonon shanu kumburin ciki da zawo suke sa masa. In aka ɗura masa da cokali ko sirinji kuma, ruwan ya bi ta huhu, shi ke nan. Yawancin waɗanda ake kawowa gida don tausayi a cikin kwali suke mutuwa.

Inda za ki riƙe shi shi ne in yana da rauni, ko kyanwa ce ta kawo shi a baki, ko kin ga uwar a mace. A nan sai kwali mai huji, da tsumma mai laushi, a inuwa, nesa da hayaniya, a kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wurin likitan dabbobi mafi kusa. Kada wani ya ce zai fasa masa Ampiclox a ruwa. Irin wannan maganin ta baki kashe zomo yake yi, domin yana share ƙwayoyin hanjin da yake narka abinci da su. Yaran da suka taɓa shi su wanke hannu da sabulu.

Wani malamin makaranta daga Kware: Wani ɗan zomo ya yakushi ɗiyata a hannu. Haukan kare fa?

Malam, da wuya ƙwarai zomo ya kawo wannan. A wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a duba katin rigakafinta ko ta samu alluran sarƙe haƙora da ake yi wa jarirai a mako 6, 10 da 14. In wurin ya yi ja, ya kumbura, ko zazzaɓi ya taso, a kai ta asibiti. In bayan mako ɗaya ko biyu ka ga zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi, makero ne, akwai man shafawarsa.

Wata ɗaliba daga Mabera: Zomo na kawo zazzaɓin Lassa?

A'a, 'yata. Ɓera ne, wanda ke shiga rumbu da kwanon da aka bari a buɗe. Ki rufe abinci.

Wani magidanci daga Gwadabawa: Yarona ɗan shekara uku ya faɗa a tukunyar kunu, cinyarsa da cikinsa sun ƙone. Mahaifiyata ta sa aka samo fatar zomo aka tsige gashin aka liƙa a kai, ta ce haka aka yi mana muna yara. Yau kwana huɗu, wurin ya bushe ta sama amma yana ɗan wari, yaron kuma jikinsa da zafi. Mu ƙara gashin ne?

Malam, ka ajiye wayar nan ka ɗauki yaron ku tafi asibiti yanzu. Sauran bayanin ka karanta a hanya.

Wari da zazzaɓi a kwana na huɗu na nufin ciwon ya ruɓe a ƙarƙashin gashin. Bushewar da kake gani ta yaudara ce: gashi ya haɗu da ruwan ciwo ya yi ɓawo, mugunya na taruwa a ƙasa ba ta da hanyar fita. Daga nan ƙwayoyin cuta jini suke shiga, kuma ɗan shekara uku ba ya daɗewa a wannan hali.

Ban ga laifin Inna ba, abin da ta gada ta yi, kuma don ƙauna ta yi. Na san dalilin da ya sa mutane suka yarda da gashin zomo: yana da laushi, yana tare iska daga taɓa ciwon sai zogi ya ragu, kuma ƙaramar ƙuna da ma ko an bar ta za ta warke, sai a ce gashin ne. Waɗanda suka warke su ne ke ba da labari. Waɗanda ba su warke ba mu ne muke ganinsu.

Fata ita ce katangar jiki. In wuta ta cinye ta, ƙofa ce a buɗe. To me aka kawo aka ɗora a bakin ƙofar? Gashin dabbar da ke kwana a ƙasa, da ƙura da kashi da ƙuma, daga fatar da aka shanya a kan danga ƙudaje suka gama bi. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora, tetanos, a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma ba abin da take so irin ciwon da aka toshe iska ba ta shiga. Tana iya ɗaukar kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana. Sai ka ga yaro ya kasa buɗe baki, wuya ya sandare, baya ya lanƙwashe, ƙaramin motsi ya tayar masa da jijjiga. A lokacin sai a ce iska ce, a tafi neman turare.

Na taɓa karɓar wata yarinya da aka yi wa haka a hannu. Sai da muka ba ta maganin kashe zafi, muka jiƙa wurin da ruwan gishirin asibiti, sannan ni da ma'aikaciyar jinya muka zauna da hantsaki muna zare gashin ɗai-ɗai daga cikin nama, fiye da awa guda. Kakarta na tsaye a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Ƙunar da da ruwa da bandeji mai tsabta za su ishe ta, ta koma mai zurfi, yatsu biyu suka manne da juna. Wallahi duk ranar da na ga gashi a kan ƙuna sai raina ya ɓaci. Haka makilin, da ɗanyen ƙwai, da manja, da baƙin mai, da gishiri, da kanwa, da kashin shanu. Baƙin mai fa, jama'a! Abin da makanike ke zubarwa a kwata.

Ga abin da ake yi, kuma hunturu na tafe, lokacin jin wuta da ruwan zafi, don haka kowa ya riƙe. Ruwa mai sanyi, na famfo ko na randa, a yi ta kwararawa da buta har minti 20. Ban da ƙanƙara, tana ƙara kashe fata. A cire zobe da awarwaro da rigar da ta jiƙe kafin wuri ya kumbura, amma abin da ya manne da fata a bar shi. In ƙaramin yaro ne a lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi. Kada a fasa bororon. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibiti.

Tafin hannun wanda ya ƙone, da yatsunsa, kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatarsa. Yaron da ƙunarsa ta kai tafi 10 yana bukatar ƙarin ruwa, don ruwan jikinsa ta ciwon yake tsiyayewa. Cinya da ciki a ɗan shekara uku na iya kusantar wannan. Fuska, hannu, gaba, ko gaɓa mai lanƙwasa, ko ƙunar ƙarama ce asibiti za a je. Na kemis bai isa ba.

Kada ka ce za ka ɓamɓare gashin da kanka a gida, jini za ka ɓallo. Ka tafi da katin rigakafinsa, ka faɗa musu gaskiyar abin da aka sa da ranar da aka sa, ba mai dukanka. In asibitin garinku suka tura ku Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa a cikin Sakkwato, kada ka koma gida yin shawara. Ka tafi da Inna ma, ta gani da idonta. Ta fi jin maganar abin da ta gani a kan taka. Na sake faɗa: yau, ba gobe ba.

Wani dattijo daga Bodinga: Ina da hawan jini, zan iya cin naman zomo?

Ci abinka, Baba, ba shi da kitse sosai. A dafa shi ya nuna, a rage gishiri da magi, kuma kada a fasa shan magani. Mai fiɗa ya kula da kaska, kada ya murtsuke ta da farce.

Wata amarya daga Runjin Sambo: Karen maƙwabta ne ya biyo wani zomo, ƙanena ya je ƙwacewa kare ya cije shi a ƙafa. Ciwon ƙarami ne.

Wannan ba irin yakushin zomo ba ne, 'yar'uwa. A wanke da sabulu da ruwa minti 15 cur, a kai shi asibiti yau a fara allurar haukan kare, ko da ciwon bai kai ƙwayar gero ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma da zarar alamu sun fito ba a tashi. A ɗaure karen a sa masa ido kwana 10, amma kada a jira sakamakonsa kafin a fara allura. Kuma kada wani ya ƙona gashin karen ya shafa masa.