Jama'a na shiga shafina, amma masu kira kaɗan ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dillalin filaye da gidaje ne a Gombe, ina da shafin intanet da nake sa filayen Tumfure. Ana shiga sosai, amma da kyar waya take ƙara. An ce in yi gwajin shafi biyu. Yaya ake yinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gwajin A/B ake kiransa. Za ka yi wa fili ɗaya shafi biyu iri ɗaya sak, ka sauya abu guda tak a na biyun, sai manhaja ta raba masu shiga gida biyu, kowane rabi ya ga shafi ɗaya. In ka sauya hoto da farashi a lokaci guda, ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

A ganina ka fara da farashi. Shafin A ya rubuta kuɗin filin hamsin-da-ɗari ƙarara, na B ya ce a kira a ji. Dillalai ba sa son bayyana farashi, na sani, amma a bar lissafi ya raba gardama. In wannan ya ƙare, ka gwada maɓallin WhatsApp a sama maimakon fom ɗin cikewa.

Kada ka ƙirga masu leƙowa, ƙirga masu magana. Ka sa wa maɓallin kowane shafi saƙonsa na daban: "Na ga filin A", "Na ga filin B". Sannan ka rubuta a littafi mutum nawa ne suka je suka taka filin da ƙafarsu, domin wani shafin 'yan taya-ka-gudu kawai yake tarawa.

Google Optimize, manhajar da ake yin wannan gwaji da ita kyauta a da, an rufe ta tun 30 ga Satumba 2023. In da WordPress aka gina shafinka, akwai manhajar gwajin A/B mai suna Nelio. In masu shiga ba su da yawa, yi gwajin a tallar Facebook, ka bar shi aƙalla kwana 7.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gaggawa. A ya kawo saƙo 6, B ya kawo 8, wannan sa'a ce, ba nasara ba. Kuma dole shafukan biyu su yi aiki tare, zai fi kyau wata guda cur. In ka gwada ɗaya a tsakiyar wata, ɗayan bayan albashi ya shiga, to albashin ka auna, ba shafin ba.