Me za mu gani a hanya idan muka yi tseren keke na karɓa-karɓa daga Kumasi zuwa Paga?

Ɗan'uwa, ka ce ku matasan unguwar Aboabo ta Kumasi kuna shirin tseren karɓa-karɓa zuwa Paga, garin da ke iyakar Ghana da Burkina, kana tambayar abin da ido zai gani. Wanda ke kan keke dai kwalta yake kallo da manyan motocin Burkina da ke wuce shi. Masu jiran juyinsu a mota su ne masu kallo.

Daga Kumasi zuwa Techiman gonakin koko ne da ayaba, ga hawa da gangara da ke cin ƙafa. Bayan Kintampo ƙasa ke buɗewa, daji ya yi sauƙi, sai kaɗanya da ɗorawa da gidajen gara jajaye, can gaba kuka ta fara bayyana. Gadar Buipe kan kogin Black Volta da ta Yapei kan kogin White Volta wurare ne masu kyau na musayar mahayi.

Namun daji kuwa ba a bakin titi suke ba, sai kun ratse. Kusa da Nkoranza akwai Boabeng-Fiema, inda birai ke yawo cikin gari ba mai taɓa su, har binne su ake yi in sun mutu. Giwa sai gandun dajin Mole, ku karkata a Fufulso ta Damongo da Larabanga, amma wannan wuni guda ne daban. A Paga ga kadoji a kududdufi.

Ni dai zan zaɓi watan Nuwamba. Damina ta ɗauke, ciyawa na nan kore, hazon hunturu bai rufe sararin sama ba tukuna.